Ranar da Bajamushiya Ta Shigo Gidanmu

Yanzu idan gari ya waye a ƙauyenmu ba ka jin daka. Inji ne a bakin kasuwa yake tari, ya yi shiru, ya sake tari, yara suna layi da robobi a ka. Jikokina mata suna cewa Allah ya hutar da su, ni ma ban ce ƙarya suka yi ba, don na san abin da taɓarya take yi wa kafaɗa da tafin hannu. Amma shirun nan na safiya ba ya yi mini daɗi. A zamaninmu da kunne ake sanin lafiyar gari. Kafin rana ta fito sai ka ji turmin gidan liman ya fara, na gidan maƙera ya amsa, can bayan kuka 'yan mata sun haɗu a turmi ɗaya suna lugude, suna jefa taɓarya sama suna tafi kafin ta dawo. Daga sautin kaɗai surukata takan gane abin da ake dakawa, ta ce wannan surfe ne, wancan dakan fura ne, wancan kuwa ƙanzo ake farfasawa. Gidan da aka kwana biyu ba a ji turminsa ba, ba sai an tambaya ba, sai a aika yarinya da ƙwarya a rufe da faifai, wai a ɗanɗana mana a ji ko gishiri ya ji. Sau ɗaya tak na ga garin nan ya yi shiru irin na yanzu, kuma ba inji ne ya kawo shi ba.

Abin da ya tayar mini da tsohon zancen nan, jikana ne da yake koyarwa a birni ya zo gaisuwa, muna zaune ya miƙo mini wayarsa ya ce ko na gane wannan. Hoton wata tsohuwar Baturiya ce, gashi fari fat, wuya duk jijiya. Na ce masa ni tsofaffin Turawa duk kamarsu ɗaya a wurina. Ya ce ai Hajiyar Jamus ce, wadda ya taso yana jin labarinta a bakin dattawan garin nan, ta rasu. Ba Hajiya ba ce, ko hanyar Makka ba ta sani ba, mutanenmu ne suka laƙaba mata don ba su san wani suna da ya fi shi girma da za su ba mace ba. Ya karanta mini tarihinta yana juya mini da Hausa, shekarun da ta yi a majalisar ƙasarsu, kwamitocin da ta riƙe, dokokin da ta tsaya a kai. Na saurara har ya gama. Duk abin da suka lissafa babu ranar da ta shigo gidanmu, alhali ni ranar nan kaɗai na sani.

Lokacin ina da ƙuruciya, ban daɗe da aure ba, a gidan mai unguwa. Garinmu irin ƙauyukan nan ne na arewa da Kano da ba su da daji. Gona ta haɗe da gona, daga ƙofar gida kana hango rumbunan maƙwabta a tsakanin kuka da ɗorawa da gawo, ko taki ɗaya na ƙasa akwai mai shi. Idan damina ta yi kyau abin gwanin sha'awa ne, idan kuwa ta ƙi, babu jejin da za ka shiga ka tono abin da za ka ci. To, damina ta ƙi. Shekarar farko gero ya kai ƙugu ya tsaya. Ta biyu aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu jera tukwane a bakin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi muna kallo. An fita roƙon ruwa har an gaji da fita, kullum kuma ana ƙara wa guga igiya. Mutanen arewa masu rawani har hanci suka fara wucewa ta hanyar Ɗambatta, babu raƙumi babu saniya, sai tabarmi da yara. Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, takan tsaya a bakin danga ta bi su da kallo, ta ce masu dukiya ne fa waɗannan a da, mu shiga taitayinmu. Ungulaye kuma suka yawaita a kan kukar bayan gidanmu, su da ba ma gani sai ranar kasuwa a wajen mahauta.

Jaki ya tafi kasuwa bai dawo ba, awaki suka bi shi. Maigidana da sauran majiya ƙarfi suka tafi cin rani kudu, aka bar tsofaffi da mata da yara. Muka koma tafasa da yaɗiya da rama, dusar da a da ake ba akuya ta zama ta mutane, sai garin rogo da ake damawa tsululu a kira shi kunu. Wata safiya na fito na ji wani abu ya ɓace a gari, na rasa mene ne. Sai da na tsaya a tsakar gida da buta a hannu sannan na gane ko turmi ɗaya ba ya ƙara.

Ina da ɗa namiji, ɗan fari. Matan yanzu suna saɓa ɗan farinsu a kafaɗa, su kira sunansa a gaban kowa, har su sumbace shi a gaban surukai. Mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, idan ya faɗi yana kuka sai ki kau da kai wata ta ɗauke shi. Ba rashin so ba ne, kunya ce, kuma duk wadda ta karya ta sai ta zama abin faɗa a bakin rijiya. Da nonona ya ƙafe aka yaye shi tun lokaci bai yi ba, ya koma ɗakin Inna kamar yadda aka saba, ita ke ba shi kunun rogon nan da ɗan ludayi. Ni dai ta gefen ido nake kallonsa. Na ga ya rame, haƙarƙarinsa sun fito, ya daina tafiyar da ya fara. Tsoron da nake kwana da shi in tashi da shi ke nan, kada yaron nan ya bi sahun waɗanda ake fita da su a naɗe a tabarma, don a watan an fara fita da su.

Sai kuma abin ya juya, muka ga yaro yana ƙiba. Kumatu suka taso, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul, fatarsa tana sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, Inna ta ce gadon dangin uwarta ne, Fulani ne. Ya daina yawan kuka, ba ya ma damuwa da abinci, yana zaune shiru kamar dattijo. Inna ta riƙa yawo da shi gida-gida a ga abin da kununta ya yi, matan unguwa suna tambayar ta me take sakawa a ciki. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi sujada. A raina na ce nawa dai ya tsallake.

A cikin wannan hali saƙo ya zo daga wajen hakimi cewa baƙi za su zo daga ƙasar Jamus duba halin da talakawa suke ciki, kuma shugabarsu mace ce, 'yar majalisa. Malamin firamare na garinmu, wanda aka ce shi zai yi tafinta, shi ya yi wa surukina bayani a zaure, muna ji ta bayan danga. Ya ce majalisa wani babban zaure ne da mutanen kowane yanki suke zaɓen mutum ɗaya su tura, a zauna a yi gardama kan yadda za a kashe dukiyar ƙasa, kuma abin da matar nan ta koma ta faɗa a can shi zai sa a aiko da hatsi ko kada a aiko. A lokacin soja ke mulki, zancen ya yi mana kama da tatsuniya. Baba, surukin nawa, ya tambaya ko mijinta ne ya rasu ta gaji kujerar. Da aka ce masa a'a, maza da mata ne suka zaɓe ta, sai ya ce to lalle ba ƙaramar mace ba ce, kuma ba za ta zo garinsa ta ga tsiraicinsu ba. Malam ya yi ta ƙoƙarin nuna masa cewa ai shi ta zo gani. Baba ya ce shi tun da ya yi wayo bai taɓa ganin an tari baƙo da kuka ba, ba kuma a kansa za a fara ba.

Kada wanda bai san Baba ba ya ɗauka mugu ne ko wawa. Mutum ne da yake ba jikoki rabonsa ya ce ya ƙoshi, ya ɗaure cikinsa da tsohon rawani a ƙarƙashin riga. Amma rufin asiri a wurinsa ya fi tuwo. Ya sa aka share gari tun daga bakin hanya, aka ciro kayan sallah daga adaka. Ya ce yaran da suka rame a shigar da su ƙuryar ɗaki har baƙi su tafi, masu ɗan kumari kuma a yi musu wanka a shafa musu mai a fito da su. Duk unguwar babu wanda ya kai nawa ƙiba, saboda haka aka ce Inna ta zauna da shi a tsakar gida inda ido zai fara sauka. Na ji daɗi ranar, ina ta ɓoye murmushi a cikin mayafi. Sannan Baba ya hau rumbu da kansa ya sauko da damin iri, zangarniyar da aka zaɓa ɗaya-ɗaya aka ajiye don shuka mai zuwa, ya ce a yi wa baƙi fura. Inna ta ce masa, "Malam, iri ne fa." Ya ce ya sani, da hannunsa ya ɗaure shi.

Ni na daka shi. Da taɓarya ta fara sauka, sai ƙararta ta ratsa garin nan da ya daɗe shiru. Kafin in gama surfe yara sun cika jikin dangarmu, ba sa magana, ba sa roƙo, idanu kawai ta tsakanin karare. Iyayensu suka zo suka janye su zuwa ɗakunan da aka ce a ɓoye su. Ƙanshin gero ya cika mini hanci har jiri ya ɗebe ni, na dafa turmi. Da aka dama furar Inna ta ɗiba a ludayi ta kai wa yaron baki, ya kurɓa sau ɗaya ya kau da kai, ta ce ƙoshi ne.

Da hantsi motoci suka tsaya a ƙofar gida, na leƙa ta hudar danga. Na zaci zan ga mace cikin gwal da leshi, sai ga wata doguwa busasshiya, da gajeren gashi mai ɗan furfura, riga ruwan toka da takalmi irin na maza, rana ta mai da fuskarta ja wur. Aka shimfiɗa mata darduma a zaure, ta zauna da ƙyar tana naɗe ƙafafu. Ta tambayi Baba ta bakin Malam yaya abinci a garin, ya ce alhamdu lillahi. Ta tambaya ko akwai masu kwana da yunwa, ya ce ana nan ana godiya ga Allah. Ta tambaya ko yara suna mutuwa, ya ce wanda kwanansa ya ƙare ai dole ya tafi. Mutanen gwamnati da suka rako ta sai gyaɗa kai suke yi. Aka kai fura a sabuwar ƙwarya, ta kurɓa, ta riƙe ƙwaryar a cinya ta daɗe tana kallon ƙofar cikin gida. Can ta ce tana so ta gaisa da mata.

Nan aka yi cirko-cirko. Ita mace ce, babu mai hana ta shiga. Malam kuwa da sauran maza iyakarsu zaure, gidanmu ba a shiga. Haka ta shigo ita kaɗai, babu mai juya mata magana, babu mai juya mana. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta ce sannu irin ta wanda ya koya a mota. Inna tana zaune a tabarma da yaron a cinya, ya sha mai yana ƙyalli, an ɗaura masa laya da sabon zare. Ta ɗaga shi sama tana dariya, ta juya shi gaba da baya kamar mai tallar kabewa. Ina tsaye can bakin murhu ina yi kamar ba nawa ba ne.

Baƙuwar ba ta yi dariya ba. Ta tsaya cak, sannan ta durƙusa a gaban Inna, gwiwoyinta a ƙasa. Ta shafa kansa, gashin ya biyo hannunta. Ta buɗe fatar idonsa ta duba. Sai ta kama ƙafarsa, ta ɗora babban yatsanta a bayan ƙafar, ta danna, ta ɗan riƙe. Da ta ɗauke yatsan sai ga rami a wurin, kamar an danna ƙullin da aka kwaɓa. Muka zuba ido muna jira naman ya taso, bai taso ba. Ta danna ɗaya ƙafar, haka. Ta ɗago ta dubi matan da ke tsakar gidan ɗaya bayan ɗaya, ta wuce Inna, ta wuce kowa, idonta ya tsaya a kaina, ni da na fi kowa nisa da yaron. Har yau ban san yadda ta gane ba. Abin da na gani a fuskarta shi ne abin da nake gani a fuskar mai wankan gawa idan ta yi sallama a gida.

Inna ta daina dariya. Ta sa nata yatsan ta danna cinyarsa, ta ɗauke, ta kalli ramin, ta sake a wani wurin. Can ta ce a hankali, kamar mai magana da kanta, "Ashe ruwa ne."

Baƙuwar ta miƙe ta bi ɗakunan gidan tana ɗaga asabari, ta ga waɗanda aka ɓoye, babu wadda ta iya tare ta. Sannan ta koma zaure. Ba ta ɗaga murya ba, tana faɗa Malam yana juyawa. Ta ce kumburin nan yunwa ce ta ƙarshe, yaron yana buƙatar asibiti yau, kuma akwai wuri a motarta, shi da uwarsa. Baba ya ce uban yaro ba ya gari, babu mai ba matarsa izinin fita, kuma ba a ɗora wa baƙo marar lafiya, ranar kasuwa za a kai shi. Ina jin komai, amma babu damar in sa baki, don suruka ba ta magana a kan surukinta, balle a kan ɗan fari. Sai na ji Inna ta kama kafaɗata ta juya ni, ta ɗora mini shi a baya, ta ɗaure da nata majanyin. Ta shige gabana muka ratsa zauren cike da maza, ta dubi Baba ta ce, "Malam, ni na ba ta izini. In ubansa ya dawo ya tuhume ni." Baba ya dubi ƙafar yaron tana reto a ƙuguna, ramin yana nan. Ya janye ƙafafunsa daga hanya.

A mota ta zauna kusa da ni a baya, ta ɗora ƙafafun yaron a cinyarta, Malam yana gaba yana juyo da magana. A nan na ji ko ita wace ce. Ta ce tana yarinya aka yi babban yaƙi a ƙasarsu, aka ɗauki ubanta soja, bai dawo ba. Jirage suka mai da garinsu kufai. Da yaƙi ya ƙare sai sanyi da yunwa suka shigo tare, irin sanyin da ruwa yake daskarewa a cikin ɗaki. Ita da uwarta suna tsintar ɓawon dankali a bola, suka cire ƙyauren ɗaki suka hura wuta da shi. Tana da ƙane ƙarami, ya rame, sannan ya kumbura, maƙwabta suka riƙa taya uwarta murna, har wani likita ya zo ya danna masa ƙafa. Bai kai lokacin zafi ba. Da ta girma ta yi aikin jinya a ɗakin yara, sai ta ga maganin wannan ciwo ba ya asibiti, yana hannun masu rabon dukiyar ƙasa. Shi ne ta shiga jam'iyya, ta tsaya zaɓe ta faɗi, ta sake tsayawa ta ci. Ta ce da ta fara shiga majalisa mata ba su da yawa, in ta miƙe magana sai maza su kama hira da dariya, ta koyi tsayawa shiru tana kallonsu har su gaji. Ni dai ban taɓa sanin Bature ma yana jin yunwa ba. Na daure na ce wa Malam, kaina a ƙasa, ya tambaye ta ko yaron zai tashi. Ta dube ni ta ce, "Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba." Na ji haushinta ƙwarai, don a wurinmu ko mutum yana shure-shuren mutuwa cewa ake yi da sauƙi.

A asibitin birni aka kai mu wani dogon ɗaki cike da irinsa, daga ƙauyuka iri-iri, ana ba su madara da cokali. Kumburin ya fara sacewa, ainihin yaron ya fito, ƙashi da fata, har na yi wa wata ma'aikaciya faɗa wai sun ramar mini da ɗa. Baƙuwar ta zo sau ɗaya kafin ta koma ƙasarsu, ta tsaya a kanmu, ta dafa kafaɗata, ta fita. A ɗakin nan babu suruka, babu wanda ya san ni, saboda haka na riƙe shi yadda raina yake so, na kira sunansa da baki, na yi masa 'yan waƙoƙin raino da na daɗe ina yi a zuci. Ya riƙa kallona kamar baƙuwa, yana juya kai wajen ƙofa, Inna yake nema. Ranar da ya fara buɗe baki ya karɓi cokali da kansa muka ce sauƙi ya samu. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa, yana cinyata.

Kafin wata damina manyan motoci suka shigo garinmu da jar dawa da madarar gari da irin shuka, aka yi rabo a ƙofar gidan Baba. Malam ya ce ta miƙe a majalisarsu ta ba da labarin abin da ta gani a tsakar gidanmu, kuma ranar babu wanda ya yi hira. Da yawa daga yaran da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki sun rayu, ga su nan yau da farin gemu suna raba gado. Baba bai taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya, sai dai ya daina haɗa ido da ni, kullum kuma ya samu goro sai ya aiko mini da ɓari. Inna kuwa ba ta ƙara ɗaga jinjiri ta nuna wa kowa ba. Maigidana ya dawo daga kudu da 'yar riga ja da ya sayo wa yaron, bai tuhumi kowa ba.

Da abubuwa suka yi sauƙi ya sayi rediyo, yana kama tashar nan da ake Hausa daga Jamus. Jefi-jefi a ambaci sunanta, sai ya leƙo ya ce in zo in ji Hajiyata. Ta haka na bi rayuwarta kamar ta wata 'yar uwa da aure ya kai nesa. An sake zaɓenta ba sau ɗaya ba, ta shugabanci masu kula da taimakon ƙasashe matalauta. An ce ta kusa zama minista, aka tsallake ta saboda bakinta ba ya da zaƙi, ban kuwa yi mamaki ba. Daga baya ta saɓa da jam'iyyarta kan sayar wa ƙasashe masu yunwa makamai, ta ƙi bin bayansu a gaban kowa, zaɓe na zagayowa suka ajiye ta suka tsayar da wani. Ta koma garinsu, rediyo ya daina ambatonta. Ba ta sake zuwa ƙasar nan ba. Mutanen garinmu suna cewa ita ta cece mu, kuma gaskiya ne. Ni kuwa na daɗe ina jin zafinta a raina, don ita ta zo ta ƙwace mini 'yar murnar da nake da ita, da yatsa ɗaya. Sai da na tsufa na gane cewa duk cikinmu ranar nan, da masu sonsa da masu tutiya da shi, ita kaɗai ta kalli yaron.

Na haifi wasu bayansa, sun rayu, sun hayayyafa. Amma tun daga ɗakin asibitin nan ban ƙara yarda da ƙibar yaro ba. Duk jinjirin da aka miƙo mini, nawa ko na wani, zan karɓa, in ce tubarkalla, in yi masa wasa, a ƙarshe in kama ƙafar in danna, ba kuma na sakin numfashi sai naman ya taso. Surukaina da jikoki sun mai da abin wasa, da sun ga hannuna ya gangara sai su nuna ni su ce Hajiya ta fara. Ina barin su su yi dariyarsu, don dariyar wanda bai gani ba tana da daɗin ji. Sai dai shekarun nan na ga hatsi ya sake hawa, samari sun sake watsewa neman abinci, layin yara a bakin inji ma ya ragu. Kwana kaɗan bayan zuwan jikana, matar wani maƙwabcinmu ta shigo gaishe ni, yarinya ƙarama, mijinta ya daɗe a kudu. Ta kwance ɗanta da ta yaye ta miƙo mini, tana murna wai ya fara ƙiba bayan doguwar rama. Na karɓe shi, na sa masa albarka, na kama ƙafar. Da na ɗauke yatsana sai na aika a kira mini mai babur. Tana ta dariya tana cewa Hajiya ta fara, har ta sunkuya ta ga abin da nake kallo.